Taƙi Ɗaya Da Na Ɗaga Sandar Retno

Shafi na 14

Masu zagina tun shafi na 13, duk na karanta. Wata baiwar Allah ta rubuto wai, "Wane irin uba ne wannan?" Ban ji haushi ba. Ki karanta na yau tukuna.

*

Bayan la'asar aka yi taron, a zauren gari.

Saura kwana tara zaɓen dagaci, ƙauyenmu Kalirawi ya riga ya rabe biyu kamar kifin da aka tsaga za a shanya. 'Yan Shinkafa a dama, 'yan Rogo a hagu. Dagacin da ke kai, Suwignyo, shinkafa ce alamarsa. Haji Muslikan mai kamfanin ƙanƙara ya ɗauki rogo. In ka ce teku na tashi, kai ɗan Rogo ne. In ka ce hauhawar ruwan cikar wata ce irin ta kaka da kakanni, kai ɗan Shinkafa ne. Har shagon shayi kowa da nasa.

Ni ɗan Shinkafa ne. Suwignyo wan matata ne, marigayiya Sumi. Wanda dagaci yake surukinsa ba a tambayarsa ɓangare.

'Yata Retno aka ajiye wa kujera ɗaya tilo a tsakiya. Shekararta ashirin da uku, ilimin teku take karanta a birni. Wata huɗu ke nan da ta dawo ta kafa sandar awo a mashigar kwalekwale, kullum tana rubuta inda ruwa ya kai.

Da safe na ga jakar kayanta a ɗaure bayan ƙofa.

"Pak," ta ce mini, wato Baba, "ba na roƙonka ka goyi bayana. Amma in aka ce a ɗaga hannu ka ɗaga tare da su, motar yamma zan bi. Kada ka jira ni da sallah."

Ita kaɗai Sumi ta bar mini.

Ana fara taro ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kowa ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora takalmi a cinya, ya ɗage ƙafa. Ba wanda ya dubi ƙasa.

Suwignyo ya ɗaga waya sama, hoton shafin littafin awon Retno da ya zaga gari yana ciki.

"Retno, wannan littafinki ne?"

"Nawa ne, Kawu."

"Jan biron nan fa?"

"Nawa ne."

"Baƙin biro ya rubuta lamba, jan biro ya soke ya ƙara mata. Kwana goma sha ɗaya a jere. Me ake kiran wannan a makarantarku?"

"Gyara."

"Gyara! Tekun ne ya yi kuskure kika gyara masa?"

Dama ta kwashe da dariya.

Retno ba ta ɗaga murya ba. "Ran tara ga wata awon ya faɗi da taƙi guda, a yini ɗaya. Teku ba ya haka. Na je na gwada da ƙusar da na buga a matakalar masallaci. Ba ruwan ne ya ragu ba. Wani ne ya ɗaga sandar."

"Wa?"

"Ban sani ba."

"Aljani ne," in ji Tarmo mai kwalekwale, babban ɗan Shinkafa, sigarin kanumfari a gefen baki. "Malaman nan na birni, bara su ce fari, bana su ce ambaliya. Wai duniya ta yi zazzaɓi, ƙanƙara ta narke can ƙasar Turawa, shi ne ruwan ya tsallake duk ƙasashen Allah ya nufo kicin ɗina! In maganar ƙanƙara ce a tambayi Haji, shi ke sayar da ita!"

Daga hagu wata mata ta ce, "Kai Tarmo, ba a kan tebur matarka take girki yanzu ba?"

"Ra'ayinta ne! Bayanta ke ciwo!"

"Kajinka fa da suke kwana a kan rufi?"

"Iska suke sha!"

Har 'yan Shinkafa sai da suka dara. Ni ban iya ba.

Suwignyo ya buga tebur, ya tura takarda gaban Retno.

"Ba ma son dogon zance, ke 'yarmu ce. Ki sa hannu cewa lambobin nan ƙirƙira ce, ki tumɓuke sandarki, magana ta mutu. In kin ƙi, gari zai rubuta wa makarantarku, da hoton nan a ciki. Su suka san abin da ake yi wa ɗalibin da ke ƙarya a awo."

"Ba zan sa ba, Kawu."

"An gaya mana abin da ake shirya mana. A ce ƙauye ba ya zaunuwa, a kwashe mu a kai mu kan dutse, a ba masu masana'anta gaɓarmu. Kabarin uwarki ma ki bar wa kaguwa?"

Retno ba ta sunkuyar da kai ba.

"To," in ji shi. "Waɗanda suka yarda a aika takarda, hannu sama."

Hannuwa suka tashi a dama kamar tsiron kara. Suwignyo ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kaina.

"Darmaji. Hannunka ciwo yake?"

Retno ba ta waiwayo ba. Bayan wuyanta kawai nake gani, sak na uwarta.

Na sauke ƙafafuna cikin ruwan, na miƙe.

"Ni ne aljanin."

Zauren ya yi tsit, har ana jin ruwa na lasar ƙafar tebur.

"Dar, zauna," in ji Suwignyo, wanda nake kira Kang, wato yaya.

"Ba zan zauna ba, Kang. Ran tara ga wata, ranar kasuwa, kowa ya tafi. Ruwa ya janye da hantsi. Na shiga taɓo har gwiwa, na kwance wayar da ta ɗaure sandar, na ɗaga ta taƙi guda da wannan hannun, na mayar na ɗaure. Yarinyar nan ba ta ƙara wa teku komai ba. Abin da na sace ta mayar masa."

"Wa ya sa ka?" Haji Muslikan ya yi caraf, ido na ƙyalli. "Faɗi sunansa, Kang Dar, kada ka ji tsoron kowa!"

"Ba wanda ya sa ni, Haji. A shagon shayi na ji ana cewa, da sandar nan za ta ɗan ɗago da kowa ya huta. Ni kuma ga shi an daina gaida 'yata a hanya. An daina sayen kifina, wannan bai dame ni ba. Amma ranar da aka jefo mataccen ɓera ta tagarta, na ce bari in rage lambobin nan, ko a ƙyale min ita. Ilimina aji shida ne. Na ɗauka in lamba ta sauka, fitina za ta sauka."

Sai a lokacin Retno ta juyo. Kallo ɗaya ta yi mini, ta kau da kai. Da ma mari ta yi mini, da ya fi sauƙi.

Suwignyo ba yaro ba ne a siyasa. Ya gyara hula, ya yi murmushi.

"To, alhamdu lillahi, kun ji da kunnenku. Sandar da mai kiwon kifi zai ɗaga ranar kasuwa, wani ma zai iya dannawa ranar Juma'a. Yau sama, gobe ƙasa. Wannan ce shaidar da za a tashi gari da ita?"

"Gaskiya ne!" in ji Tarmo. "Sanda ai sanda ce!"

Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Wanda ya riga ya tuɓe a kasuwa, iska ba ta ba shi tsoro.

"Akwai sandar da ba ta ɗaguwa, Kang. Tana gidana. Da hannunka aka kafa ta."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ku zo ku gani."

Ba wanda ya motsa, sai Mbah Rukini, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin zauren. Ta dogara sandarta ta tashi.

"Ku tashi mana. Ko sunkuyawar kuke tsoro? Tun yaushe rabon ɗayanku da ya shiga gidansa a miƙe?"

*

Muka bi gadar katako a jere, 'yan Shinkafa a gaba, 'yan Rogo a baya, ba mai yarda kafaɗarsa ta taɓa ta wani.

Kun san yadda muke yi. In ruwa ya fara shiga ɗaki sai a kira 'yan uwa da maƙwabta a yi gayya, a zuba ƙasa a ɗaga daɓe. Rufi kuwa yana nan inda kafinta ya bar shi. Sau uku na yi ciko tun aurena. Na ɗaga ƙofar sau ɗaya, duk da haka yanzu iya ƙirjina take. Baƙi na cewa mutanen Kalirawi akwai ladabi, kowa da rusunawa yake shiga gida. Goshinmu ne ya koya mana.

Suwignyo ya sunkuya ya shiga. Haji ya bi shi, hularsa ta bugi katako ta faɗi. Waɗanda ɗakin bai ɗauka ba suka cika taga.

Na naɗe ledar ƙasa. Cikon ƙarshe ban sa masa siminti ba. Na ɗauko fartanya na tsaya gaban babban ginshiƙin tsakar ɗaki.

"Kang, wa ya kawo icen nan?"

"Ni. Kyautar aurenku ce. Sai me?"

"Wa ya kafa shi?"

"Da ni da kai da mahaifina. Dar, in wasa za ka yi mana..."

Na fara haƙa a gindin ginshiƙin.

Duk ƙaramar sallah, in mun dawo daga idi, Sumi takan tsayar da Retno jikin icen nan ta ja layi da wuƙar kicin daidai kanta, ta sassaƙa shekarunta a gefe. Layukan sama kowa na ganinsu, daga goma sha ɗaya zuwa goma sha bakwai, shekarar da Sumi ta rasu. Ba wanda ya taɓa tambayar inda na ƙasa suka tafi.

Ƙasar cikon bana ta ƙare, layukan goma zuwa shida duk sun fito, na tarar da tsohon siminti. Na duba taga.

"Tarmo, miƙo gudumar nan da ke bayanka."

"Ni? Ni ɗan Shinkafa ne."

"Ranar wannan cikon kai ka ci kwano uku. Miƙo."

Ya miƙo.

Na fasa. Yatsa huɗu a ƙasa, layi ya bayyana. Na goge da babban yatsa.

"Biyar," in ji Mbah Rukini, ta kusa sa hanci a ramin.

Na ci gaba. Gumi na shiga mini ido. Wani ɗan Rogo ya karɓi fartanya ya taya ni, Tarmo ya tsinci kansa yana kwashe ƙasa da kwanon wanki.

"Huɗu."

Da ramin ya kai kamu guda, na zura hannu na share taɓo. Ga shi nan. Layi, da lamba uku a karkace, irin rubutun Sumi da ba ya tsayawa a miƙe. A gefensa kuma wani ɗan zane, kifi mai babban ido.

Na ɗago.

"Kang, wa ya zana kifin nan?"

Suwignyo ya matso bakin ramin. Na ci gaba.

"Yarinyar ta ƙi tsayawa, tana ta kuka. Kai ka karɓi wuƙar ka zana mata kifi don ta yi shiru. Kana tsugune, ita tana tsaye, kanta a nan. Daga ƙofar can kuna hango bishiyar mangwaro da gonar shinkafar mahaifinku, teku kuwa sai an yi tafiyar rabin sa'a. Ƙarya nake?"

Suwignyo ya ƙura wa ramin ido.

Sai ruwan ya zo. Ba ta ƙofa ba, ta ƙasa. Ya ɓuɓɓugo a gindin ramin, baƙi, mai warin gishiri. Muna tsaye muna kallo ya hau icen a hankali. Ya taɓa wutsiyar kifin. Ya rufe idon. Ya shanye lamba uku, ya nufi huɗu.

"Inda kan yarinya 'yar shekara uku yake," na ce, "yau can ne gidan ruwa. Wannan ba Turawa suka rubuta ba. Ƙanwarka ce."

Suwignyo ya durƙusa. Da rigarsa ta taro, mai guga, ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa yana laluben icen. Ya daɗe a haka.

'Yan Rogo suka ɓarke da sowa a waje.

"Rogo! Rogo! Gaskiya ta fito!"

Haji Muslikan ya buɗe hannuwa kamar mai tarbar amarya.

"Retno, 'yata! Gobe tare za mu hau dandamali. Ki gaya wa duniya teku na tashi, kuma waɗannan makafin ne suka hana a faɗa!"

Tarmo ya yar da kwanon wanki. "Dakata, Haji! Wa ya ce teku ne ya hau? Gidan Dar ne ya nutse! Ƙasa ce ta zauna, ba ruwan ƙanƙarar kowa!"

"Haka ne!" in ji dama. "Ƙasa ce!"

"Teku ne!" in ji hagu.

"Duka biyun ne."

Retno ce. Tana tsaye jikin bango, littafin rungume a ƙirji.

"Kang Tarmo bai yi ƙarya ba, Haji ma bai yi ba. Kowa rabin da ya yi masa daɗi ya ɗauka. Duniya na ɗumama, teku na tashi, wannan ba zancen jam'iyya ba ne. Yana ƙaruwa kamar tsawon ƙwayar shinkafa a shekara, kuma ba ya komawa. Ƙasarmu kuma tana nutsewa, ita kaurin rogo guda a shekara."

"Kun ji!" in ji Tarmo. "Rogon ya fi yawa!"

"Me ke nutsar da ita, jikata?" in ji Mbah Rukini.

"Rijiyoyin burtsatse, Mbah. Muna zuƙe ruwan da ke can ƙarƙashi, ƙasar na zama kamar katifar da aka cire wa auduga. Guda bakwai Kawu ya haƙa wa unguwanni." Ta juya ta dubi Haji. "Wadda ta fi su zurfi kuma, mai injin da ba ya hutawa, tana bayan kamfanin ƙanƙara."

Hannuwan Haji suka sauko a hankali.

"Wannan... yana cikin littafin?"

"Shafin farko."

"'Yata, ai ba komai ake faɗa a kan dandamali ba."

"Shi ya sa ba zan hau ba."

Wata mata ta leƙo ta taga, 'yar Shinkafa ce. "A rufe burtsatse mu sha me? Ruwan gishiri?"

"Mutum arba'in ke ci a kamfanin nan!" Wannan ɗan Rogo ne, wanda ya taya ni haƙa. "Ba ƙanƙara, kifinmu ya ruɓe kafin kasuwa?"

"Ban ce a rufe yau ba. Na ce a sani, a nemi..."

Ba su bari ta ƙarasa ba. Haji ya ɗauki hularsa ya sunkuya ya fita, Tarmo na biye da shi, Mbah Rukini na bin su tana zaginsu da sunayen iyayensu. Gadar katako ta ɗauki hayaniya. Na kasa kunne. Wata huɗu rabon da in ji ɗan Rogo da ɗan Shinkafa sun faɗi kalma ɗaya tare. Yau sun faɗa.

"Littafin! A karɓe littafin!"

Ɗakin ya rage mu uku. Suwignyo yana nan durƙushe bakin rami, kamar ba ya jin komai.

"Nduk," na ce, yadda nake kiranta tun tana goye.

Ta dube ni. Idonta ya yi ja.

"Kwana goma sha ɗaya, Pak. Kana zuba mini shayi kana kallona ina lissafi ina sakewa."

"Na sani."

"Na zargi kowa a garin nan. Har liman."

"Na sani, Nduk."

Ta ja hanci. "Kuma taƙi ɗaya da yatsa biyu ne. Ko ɗagawar ba ka yi daidai ba."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na biye da ita. Ta ajiye littafin a hannuna, ta shiga kicin ta fito da tsohuwar wuƙar nan mai ƙotar da aka ɗaure da waya. Ta tuɓe takalmi, ta tsallake ramin, ta jingina bayanta da ginshiƙin, ta miƙe ƙyam.

"Shekara shida ba wanda ya auna ni."

Na ɗora wuƙar a kanta na ja layi. Na sassaƙa ashirin da uku, a karkace, don ni ma rubutuna ba ya tsayawa.

"Jakar nan fa?" na ce.

"Motar yamma ai ta wuce."

Aka buga ƙofa da ƙarfi.

"Darmaji!" Muryar Haji.

"Dar, miƙo littafin a zauna lafiya!" Muryar Tarmo.

Na cusa littafin cikin rigata, na ɗauki fartanya na tsaya. Ban ji tsoro ba. Ƙofata gajera ce. Duk mai shigowa sai ya sunkuya, kuma ɗaya bayan ɗaya.

Saura mutum guda a bayana.

"Kang Wig," na ce wa Suwignyo ba tare da na juya ba, "ciki za ka tsaya, ko waje?"

Na ji tashinsa. Na ji ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa, ɗis, ɗis, har ya zo daidai kafaɗata.

Ya miƙo jiƙaƙƙen hannun.

"Ba ni littafin, Dar."